Shukar Mama da na kashe da ruwa

Har yau idan na ji warin albasar da ta ruɓe a ƙasan kwando sai gabana ya faɗi, hankalina ya koma wani ɗan ɗakin gilashi da ke bayan gidan maƙwabciyarmu a arewa maso gabashin Ingila. A nan na yi ɓarnar da ta fi kowace ba ni kunya tun zuwana ƙasar nan, kuma da kyakkyawar niyya na yi ta.

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye a yankin Malumfashi. Aikin jinya ya kawo ni, da farko ni kaɗai, daga baya uwargida da yara suka biyo ni. Gidan da muka kama haya katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata tsohuwa Baturiya da mijinta ya rasu. Su a nan ko tsohon da ya haifi ubanka sunansa kake kira kai tsaye, ni kuwa bakina ya ƙi. Sai na fara ce mata Mama. Ta yi dariya ranar farko, daga baya ta saba, har in na yi sallama ta katanga ita ma da kanta take ce wa yarana, "Ku zo Mama ta ba ku biskit."

Ɗakin gilashin na mijinta ne. Ba irin wanda ake ɗumamawa ba ne, tagoginsa a buɗe suke ko da ana zuba ƙanƙara, don abin da ke ciki ba sanyi yake tsoro ba, laima yake tsoro. A ciki akwai wani dogon teburi mai zurfi cike da yashi, an binne tukwanen ƙasa a cikinsa har wuya, sun fi hamsin. Ranar da na fara leƙawa, a watan Yuni, ban ga komai a cikin tukwanen ba sai tsakuwa da 'yar alamar roba mai rubutun Latin. Na ce a raina, Allah sarki, mai abu ya tafi, abu ya bi shi.

A watan Yuli aka kwantar da Mama a asibiti za a yi mata aikin ƙugu. Ta ba ni makulli ta ce in riƙa ba tumatir ruwa kullum, wasu shuke-shuke kuma da ke waje a inuwa in ba su ruwan sama na cikin ganga, kada in kuskura in ba su na famfo. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce, "Na kan yashin nan kuwa, ka bar su. Kada ka taɓa." Na ce to.

Na ji, amma ban yarda ba. Shekarar an yi zafi irin nasu, ɗakin gilashin ya zama kamar tanda. Na tura yatsa cikin wata tukunya na ji ƙasar ƙamas kamar garin bulo. Sai ɗan manomin da ke cikina ya motsa. Na ce tsohuwa ce, ga ciwo ga damuwa, ta manta abin da take faɗa. Idan akwai sauran mai rai a nan ni zan ceto shi, ta dawo ta sha mamaki. Kullum na taso daga aiki sai in cika butar ban ruwa in bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya har ruwa ya kwanta. Babbar cikinsu, wata mai zurfi kamar turmi da ke can ƙurya, ita nake fi bai wa, don na ga ta fi girma. Mako uku ina wannan aikin lada. Ƙaramin sani ƙuƙumi.

Ranar da ta dawo, tana dogara sanda, ko shayi ba ta tsaya sha ba ta ce in raka ta baya. Tana buɗe ƙofa warin ya tarbe mu. Ta tsaya. Ta nufi babbar tukunyar, ta share tsakuwar saman da gefen hannu, sai ga wani abu mai faɗin faranti, fatarsa kamar ɓawon itace. Ta danna shi da babban yatsa, yatsan ya nutse kamar cikin ruɓaɓɓiyar gwanda, ruwa mai wari ya fito. Ba ta ce komai ba. Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Can ta ce mijinta ne ya shuka shi daga ƙwayar iri shekara talatin da wani abu da suka wuce, kafin a haifi autarsu.

Sunansa a jikin alamar Cyclamen graecum, wato saiklamen ɗan ƙasar Girka. Kusan rabin sauran tukwanen ma sun tafi, yawancinsu 'yan albasar kurokus ne, wani ɗan ƙaramin fure mai gindi kamar albasa. Na ce zan biya, ko nawa ne. Ta dube ni ta ce, "Ina ake sayar da shekara talatin?" Daga nan ta zauna a kan wata kujerar roba ta tambaye ni, wai a ƙasarmu ruwan sama duk shekara ake yi? Na ce a'a, wata huɗu zuwa biyar ne, sauran duk rani. Ta ce to shuke-shuken daji, a ranin ina suke zuwa?

Wallahi a tsaye nake amma ji na yi kamar an zare mini ƙasa. Albasar kwaɗi ce ta faɗo mini, wadda ke fitowa a bakin fadamar bayan gidanmu. Da rani ko alamarta babu, sai ƙasa a tsattsage, shanu suna takawa. Ana yin ruwan farko sai ka gan ta ta ɓullo da manyan furanni farare masu ratsin ja. Babu yaron da bai san tana nan a ƙasa tana barci ba, kuma babu mahaukacin da zai ɗauki tulu ya je ya ba ta ruwa a watan Maris. Na tuna mahaifina yana binne, ya zuba gero cikin busasshiyar ƙasa ya koma gida ya jira sama. Abin da na sani tun ina tsirara shi na tsallake teku na manta. Bambancin kawai shi ne a Girka da Turkiyya da sauran ƙasashen bakin Bahar Rum, watannin Yuni zuwa Agusta su ne rani, daminarsu kuma da kaka take farawa ta ratsa hunturu. Shukar tana cikin barcinta na yi ta ɗura mata ruwa cikin zafi, ba ganyen da zai sha, sai ta dahu a zaune.

Bayan kwana biyu ta kira ni ta katanga ta miƙo mini wata 'yar ambulan. Ƙwayoyin iri ne guda goma sha huɗu, launin ƙasa, kowanne bai kai ƙwayar dawa ba. Ta ce ta tsince su daga jikin tsohuwar shukar kafin ta tafi asibiti. Ta ce, "Ka ce za ka biya. Ga shi nan, ka biya."

Ita ta koya mini komai, tana zaune ina tsugune. Irin saiklamen yana da wani danƙo mai zaƙi a jikinsa, shi ke jawo tururuwa su kwashe shi su kai nesa, ta haka yake yaɗuwa a daji. Sai an jiƙa shi kwana guda a ruwa mai ɗumi danƙon ya wanke kafin a shuka. Ƙasar kuma kusan rabinta tsakuwa ce ƙanana, yadda in ka zuba ruwa ta sama kafin ka ajiye buta ya fita ta ƙasa. A rufe irin da tsakuwa, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi. Tara suka tsiro. Shekarar farko ganye ɗaiɗai suka yi, kowanne kamar farcen jariri, gindinsu a ƙasa kamar ƙwayar wake. Shekara ta biyu gindin ya kai gyaɗa. A ta uku wata farar tsutsa mai lanƙwasa, kamar ƙaramar gwazarma, ta cinye saiwar guda huɗu ta ƙasa ban sani ba, sai da na ga ganyen ya yi laushi. Saura biyar.

Abu mafi wuya da na koya shi ne ajiye buta. Daga lokacin da ganye ya yi rawaya a ƙarshen bazara har ƙarshen Agusta ba ruwa ta sama. Shi wannan ɗan Girkan yana da dogayen saiwoyi masu kauri da ke nutsawa ƙasa neman danshi, shi ya sa ake ba shi tukunya mai zurfi, kuma yashin da aka binne tukunyar kawai ake ɗan jiƙawa jefi-jefi. Farkon Satumba sai a yi musu ruwa mai yawa sau ɗaya, kamar an yi hadarin farko, a sake wani a Oktoba. Sati biyu zuwa uku bayan ruwan farkon za ka ga wasu 'yan ƙugiyoyi jajaye suna ɗago tsakuwa. Fure ne ke fara fitowa, ganye ya biyo baya. Duk shekara sai na tsuguna na kalla kamar ban taɓa gani ba.

Mama ce ta sa na shiga ƙungiyar masu wannan sha'awa, Alpine Garden Society, wadda aka kafa a 1929, hedikwatarta tana garin Pershore. 'Yan Sikotland suna da tasu, Scottish Rock Garden Club, tun 1933, kuma a arewacin Ingila sukan haɗa gwiwa su yi baje koli tare. Asalin abin furannin kan tsaunuka ne, 'yan ƙanana masu lafewa a jikin dutse saboda iska da ƙanƙara. Amma a aikace sun buɗe ƙofa ga duk wata ƙaramar shukar daji mai jure sanyi, har da irin nawa da a Girka yake fitowa a gefen hanya kusa da teku. Da hunturu mambobi kan aika irin da suka tara, a fitar da jerin sunaye dubbai, kowa ya zaɓa a aiko masa cikin 'yan ambulan. Ta nan na samu Crocus goulimyi, wani kurokus mai launin shuni-shuni da dogon wuya daga kudancin Girka.

A gida kuwa na zama abin dariya. Uwargida takan leƙo ta taga ta ce, "Abban yara, mutane suna tura kuɗi gida a saya musu tumaki, kai kana nan kana kiwon tsakuwa." Yayana da na nuna wa ta waya ya yi shiru, sannan ya ce, "Ana ci?" Na ce ba a ci. "Magani ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To Allah ya kyauta." Don in fanshi kaina sai na gaya masa za'afaran ɗin da alhazai ke tsaraba da shi, wanda malamai ke rubutu da shi, daga cikin furen wani kurokus na kaka ake tsinko shi, zare uku jajaye a kowane fure. Nan ya ɗan saurara, ya tambayi ko nawa yana yi. Na ce ba irinsa ba ne. Ya sake cewa Allah ya kyauta.

A kaka ta huɗu babban cikin biyar ɗin ya yi fure goma sha ɗaya. A lokacin Mama ta koma gidan kula da tsofaffi, ƙafa ta ƙi, 'ya'yanta sun sayar da gidan, ni kuma na gaji teburin yashin da tukwanen da suka tsira daga hannuna. Na kai mata hoto. Ta ce in kai shi gasa. Na ce wa, ni? Ta ce akwai rukunin sababbin shiga, kuma sharaɗin dai shuka ta yi aƙalla wata shida a hannunka, naka kuwa tun yana ƙwaya.

Daren jajibiri ban yi barcin kirki ba. Na wanke bayan tukwane biyu da buroshi, na saiklamen da na kurokus, na auna bakinsu don kada su wuce santimita 19 da aka ƙayyade wa ƙananan tukwane. Na kwashe tsohuwar tsakuwar sama na zuba sabuwa wankakkiya da cokalin shayi, ina kewaye kowane kara. Na ɗauki matsefata na tsince duk wani busasshen abu. Kurokus ɗin ya yi kyau ƙwarai, fure kusan ashirin a tsaye a rufe kamar mashi, shi na sa wa rai. Bayan sallar asuba na jera su cikin kwali na cusa jarida a tsakani, muka kama hanya ni da uwargida, wadda ta ce za ta zo ta ga wasu mahaukatan irina.

Safiyar Oktoba ce mai sanyi, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi. Ta ce ƙafarta ta ƙame, na kunna mata na'urar ɗumama mota, ban yi tunanin komai ba. Shi kurokus da ɗumi yake buɗewa. Kafin mu isa duk sun buɗe baki sun wangale, dogon wuyan nan ya yi laushi, ga shataletale bayan shataletale. Ina buɗe bayan mota na tarar rabinsu sun kwanta a kan tsakuwa kamar geron da iska ta kayar. Na dubi uwargida, ta dube ni, ta ce, "Kada ka ce ni ce." Ban ce ba.

Zauren wata makaranta ne aka jera dogayen tebura. Ina shiga na manta da baƙin cikina. Tukwane ɗaruruwa, kowacce kamar an zana. Akwai wani fure mai kama da bakin kakaki, Gentiana sino-ornata, shuɗin da ko a marinar Ƙofar Mata ban taɓa ganin irinsa ba; ashe danginsa ne Mama ta hana ni ba su ruwan famfo, don ba sa son ƙasa ko ruwa mai sinadarin farar ƙasa. Wani ɗan Sikotland mai suna George Forrest ne ya samo shi a tsaunukan Yunan na ƙasar Sin, a can kuma ya rasu a 1932, kuma babbar lambar yabon ƙungiyar Sikotland sunansa ta ci. Ta ƙungiyar Ingila kuwa sunan Reginald Farrer ta ci, ɗan Yokshaya da ya mutu a tsaunukan Bama a 1920 yana da shekara 40, yana yawon neman irin waɗannan furanni. Ga Sternbergia ruwan ɗorawa tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Ga wani farin fure mai sunkuyar da kai da aka raɗa wa sunan Sarauniya Olga ta Girka, yawancin danginsa sai ƙarshen hunturu suke fitowa, shi kuwa ya yi sammako. Ga kolcikum mai kama da kurokus amma guba ne, wanda na tsaya na daɗe a kansa, don daga jikinsa ake samun kolcisin da na sha miƙa wa masu ciwon kumburin gaɓa a wurin aiki ban taɓa ganin uwarsa ba.

Sai kuma na ga wani saiklamen ɗan Girka a rukunin gwanaye, cikin tukunya mai faɗin santimita 36, furanni a cunkushe ba a iya ƙirgawa, ganyensa mai zanen azurfa ya kewaye su kamar an ɗinka. A nan na gane girman abin da na kashe. Irin wannan ne ke can ƙurya a ƙarƙashin tsakuwa lokacin da nake tausaya masa.

Ni da uwargida kaɗai ne baƙar fata a zauren, yawancinsu kuma sun haife ni. Na ɗan takura, ina tsaye da kwalina ban san inda zan dosa ba, sai wani dattijo mai rigar sanyi da ta sha jiki ya zo ya leƙa ya ce, "Na'urar ɗumama mota ko?" Ya ce babu wanda bai taɓa yi ba a cikinsu. Ya nuna mini ajina, ya nuna mini yadda ake kife katin suna don kada alƙalai su san mai shuka, ya ce kurokus ɗin ma in ajiye shi, teburi ya cika ya fi kyau. Da ya ji daga inda na fito sai ya tambaye ni albasoshin dajinmu. Na kwatanta masa albasar kwaɗi, kafin in gama ya ce ai Crinum ce. Mutumin da bai taɓa taka Afirka ba ya san shukar bayan gidanmu da sunanta na littafi.

Aka fitar da mu duka, alƙalai suka shiga aka rufe ƙofa. Mutane suka yi layin shayi da kek, wasu suka rufu a kan masu sayar da dashe. Uwargida da ta zo kallon mahaukata na hango ta tana cinikin wata 'yar shuka mai jan fure. Ni ko shayin ban iya sha ba.

Da aka buɗe na nufi teburina ina taka ƙasa a hankali kada a ce na ƙosa. Kurokus bai samu komai ba, dama. A ajin shukar da mutum ya raino daga iri mu huɗu ne. Jar alama, ta na ɗaya, tana kan katin wata mata mai wani saiklamen ɗan Turkiyya. A kan nawa akwai shuɗiya. Na biyu. Na karanta sunana sau uku. Daga baya ɗaya daga cikin alƙalan, wata mata mai gilashi a rataye a wuya, ta ce mini shukar lafiyayya ce, amma furannin duk sun karkata gefe guda, alamar ba na juya tukunya ta samu haske ta ko'ina, kuma akwai fure ɗaya da ya fara dusashewa da ya kamata in cire. Na duba, ga shi kuwa a ɓoye a baya, duk da matsefatar daren jiya.

Da yamma ba mu wuce gida ba, gidan tsofaffin muka nufa, uwargida ta rungume tukunyar a cinya, ta lulluɓe ƙafarta da bargo, na'urar ɗumama a kashe. Muka tarar da Mama a bakin taga. Na ajiye tukunyar a kan teburinta tare da katin. Katin ko kallo bai ishe ta ba. Ta jawo tukunyar, ta juya ta sannu a hankali, ta ɗaga wani ɗan ganye da ya fara fitowa ta duba zanensa ta daɗe. Ta ce zanen na uwarsa ne. Sannan ta sa yatsu biyu ta kama karan furen nan da ya dusashe, ta murɗa ta fizge shi daga gindi, ta miƙo mini a tafin hannu. Ta share tsakuwa ta danna gindin da babban yatsa, ta ji shi da tauri kamar goro.

Ta ce baɗi in sauya masa tukunya mai zurfi, kuma sauran huɗun kada in bayar da ko ɗaya tukuna. Ta tambayi uwargida ko har yanzu ina yawo da buta a watan Yuli. Uwargida ta ce a'a, ita da kanta take ɓoye butar a ƙarƙashin matakala sai Satumba ta fito da ita.